Sunan Jikata da Mata Uku Masu Kwamfuta

Ku gyara zama, gobe suna a gidan nan, kuma ni dai kaina ya ɗaure, sai ku warware mini.

Kun san 'yata Uwani ta haihu ranar Laraba, jini ya ɓalle mata. Likita ya ce jininta mai wuyar samu ne, sai an sami irinsa sak. Ya rubuta siffarsa a takarda, jerin haruffa da lambobi, ya ce ƙungiyar masu ba da jini na da rajistar mutum dubu arba'in a kwamfuta. Na je ofishinsu da takardar. Can na tarar da mata uku masu rubuta manhaja, Saude da Lantana da Hansatu. Ni da nake cewa aikinsu danne-danne ne kawai, ranar na haɗiye maganata.

Aka sa kwamfuta ta gwama rubutun likita da na kowa, ta ce babu ko ɗaya. Saude ta ce ba ta yarda ba. Ta duba, ta ga kowane asibiti da yadda yake shigar da nasa: wani da manyan haruffa, wani da ƙanana, wani ya bar fili a tsakani. Kwamfuta kuwa ba ta da kara, fili ɗaya ya isa ta ce abu biyu sun bambanta. Saude ta rubuta umarnin da ya mai da rajistar duka tsari guda. Aka sake gwamawa, har yanzu babu.

Lantana ta ƙura wa allo ido, ta lura babu rubutun da ya wuce haruffa ashirin, alhali na likita ashirin da shida ne. Ashe tsohuwar manhajar tana gutsure wutsiyar duk abin da ya yi tsawo. Sai Lantana ta sa a gwama farkon kaɗai, a bar ƙarshen. Sunaye goma sha ɗaya suka fito. Na miƙe zan yi sujada.

Hansatu ta ce, "Baba, dakata. Jini bai san kusa ba, sai irinsa sak."

Na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba. Ta shiga ɗakin ajiya, ta tono katunan mutanen nan daga kwalaye, ta cike wa kowa haruffa shidan da aka yanke, sannan ta sa a gwama harafi da harafi, ba sassauci. Goma suka zube. Saura ɗaya, wani mai sayar da albasa a Kura. Ya bar buhunansa a kasuwa ya zo, aka gwada jininsa a asibiti, ya dace, aka ƙara wa Uwani. Shi kam na kai masa rago, ya karɓa da kyar.

Jiya Uwani ta zauna da kanta ta sha kunun kanwa. Ban san ina hawaye ba sai da ta ce, "Baba, jaririyar nan sunan ɗaya daga cikin matan nan uku za ta ci, kai za ka zaɓa."

Da Saude ba ta daidaita rubutun ba, da Lantana ba ta ga komai ba. Da Lantana ba ta sassauta ba, da babu sunan da zai fito. Da Hansatu ba ta tsananta ba, da mun kwashi na kusa, wataƙila yau zaman makoki muke yi. Jika ɗaya Allah ya ba ni, liman kuma zai tambaye ni da safe. To, ku faɗa mini, sunan wa zan raɗa mata?