Tabarau Ɗin Munkaila

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Munkaila, mutumin Kano ne amma ya shekara shida a birnin Guangzhou na ƙasar China yana tura kayan waya gida. Yana da wayon saye da sayarwa, sai dai zuciyarsa a kusa take, kuma bai iya jure a gyara masa magana a gaban mutane ba.

Wata tafiya da ya yi Thailand, wani abokin cinikinsa ya kai shi kallon gasar harbi da ƙaramar bindiga. Ya ga mutane na gudu daga wannan shinge zuwa wancan, suna zaro bindiga daga ƙugu suna kayar da farantan ƙarfe, alƙali na biye da su da agogo a hannu. Tun daga ranar abin ya shiga ransa. Kafin ya baro ƙasar sai da ya sa sunansa a gasar sababbin shiga.

Mai horarwar can ya rubuta masa abin da zai zo da shi. Bindiga da harsashi a can za a ba shi haya, tunda a China ba a yarda mutum ya mallaki bindiga ba. Sauran kuwa nasa ne: bel mai tauri mai ninki biyu, kube wanda ke rufe kunamar bindiga ruf, aljihuna uku na gidan harsashi, abin toshe kunne, takalmi mai kama ƙasa, da tabarau na kariya. A ƙarƙashin tabarau ɗin mutumin ya ja layi biyu.

Wanda ke raka Munkaila kasuwa shi ne Barmo, dattijo ɗan Maraɗi, tsohon jandarma. Bayan ya ajiye kaki ya zo China, ya koyi yaren, yana yi wa 'yan kasuwa tafinta da duba kaya. Ya girmi Munkaila da shekara ashirin, amma kullum Alhaji yake ce masa.

Ranar Talata da hantsi suka shiga wani shago a unguwar Sanyuanli, tare da wasu abokan Munkaila biyu da suka zo kallo.

Bel ɗin farko da Munkaila ya ɗauka, Barmo ya lanƙwasa shi da hannu ɗaya ya ce, "Wannan zai saki da nauyin ƙarfe, Alhaji. Ɗauki wancan." Munkaila ya ɗauka, ba da son ransa ba. Kuben ma haka. Wanda ya zaɓa ja ne mai sheƙi, amma kunama a waje take, Barmo ya sa aka canza.

Da aka zo kan tabarau, idon Munkaila ya faɗa kan wani mai ruwan zinari, wanda mutum ke ganin fuskarsa a jiki.

Barmo ya juya shi, ya duba ƙafafunsa, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya tambayi mai shagon ko yana da takardar gwaji.

Mai shagon ya kaɗa hannu. "Meyo, lawban. Meyo." Wato babu, maigida.

Barmo ya ce, "Alhaji, wannan na zuwa biki ne. Babu hatimi, babu takarda. Ko tsakuwa ta same shi tarwatsewa zai yi. Na ga abin da ɓarɓashin harsashi ke yi wa fuska, wallahi ba labari aka ba ni ba."

Ɗaya daga cikin abokan ya tuntsire da dariya. "Kai Munkaila, ashe ango za ka je yi, ba harbi ba!"

Dariyar nan ce ta tunzura shi. Kafin kowa ya ankara ya ɗauke Barmo da mari, har hularsa ta yi sama. Bai tsaya nan ba. Ya cakumi wuyan rigarsa ya naushe shi a baki, ya hankaɗa shi. Dattijon ya faɗa kan kantar gilashi, ta farfashe a ƙarƙashinsa. Munkaila ya bi shi da ƙafa sau biyu a haƙarƙari kafin abokan su rirriƙe shi.

"Ni za ka wulaƙanta? Tafinta na ɗauke ka ko ubana?"

Barmo ya miƙe a hankali. Leɓensa ya tsage, jini na bin gemunsa, haƙori ɗaya na lilo. Duk wanda ya san aikin da ya yi a baya ya san da ya so, da Munkaila bai fita shagon da ƙafarsa ba. Amma da ya ga mai shagon ya ɗauki waya zai kira 'yan sanda, sai ya dafa hannunsa ya yi ta ba shi haƙuri da yarensu. Ya san in aka zo, takardun zaman Munkaila sun tafi ke nan.

Ya ɗauki hularsa ya fita. Munkaila kuwa ya sayi tabarau ɗinsa mai ruwan zinari.

Labari ya kai kunnen Lauratu, yayar Munkaila, wadda ita ma ke garin tana sarin atamfa da jakunkuna. Ta same shi a masaukinsa ta wanke shi tas.

"Sa'an babanmu ka daka, Munkaila? A ƙasar mutane? Ka je ka ba shi haƙuri."

"Yaya, shi ya jawo. Ya bar ni na sayi abin da nake so mana."

Da ta ga ba zai je ba, ita ta tafi. Ta tarar da Barmo yana gasa bakinsa da ruwan ɗumi. Ta ba shi haƙuri, sannan ta faɗi abin da ke damunta. Ranar Asabar Munkaila zai je wani filin harbi mai lasisi a bayan gari don ya gwada hannunsa kafin tafiya, kuma ba ya jin yaren masu wurin.

"Baba Barmo, na san ba ni da bakin roƙonka. Amma tsoro nake ji. In aka ce masa tsaya, ba zai ma san an faɗa ba."

Barmo ya ce, "Don ke zan je, Hajiya. Ba don shi ba."

Ranar Asabar da safe Munkaila ya gan shi a ƙofar filin da kumburarren baki. Ko gaisuwa bai yi masa ba.

Mai kula da masu harbi, wani Basine mai suna Lin, ya yi bayanin dokoki, Barmo na fassarawa. Bakin bindiga kullum gaba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an shirya harbi. In wani abu ya faru, a ajiye ta a kan tebur. Sannan ya miƙo abin toshe kunne da tabarau na wurin, mai kauri, duk ya sha ƙarzuna.

Munkaila ya karɓa ya sa. Amma da Lin ya juya zai ɗauko harsashi, sai ya cire tabarau ɗin ya zura nasa, ya miƙa wa abokinsa da ya rako shi waya ya ce ya ɗauke shi bidiyo.

Barmo ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, don girman Allah mayar da nasu."

"Ka ƙara magana in cire maka sauran haƙoran."

Barmo ya ɗaga murya zai kira Lin, amma kowa kunnensa a toshe yake, ga ƙarar harbi daga layin gefe. Munkaila kuwa bai jira umarni ba. Da ma akwai gidan harsashi ɗaya a kan tebur. Ya ɗauki bindigar ya cusa shi, ya ɗana, ya auna farantin ƙarfe mafi kusa.

Harbi na farko ya wuce ta sama. Na biyu ya daki gefen farantin. Na uku ya sauka a wani wuri da ƙarfen ya lotsa, wani ɓallin harsashi ya dawo da ƙarfinsa.

Tabarau ɗin ya tarwatse a fuskarsa.

Ihun da Munkaila ya yi, har waɗanda suka toshe kunne sai da suka ji. Tsinin gilashin ya shige idonsa na hagu, jini ya wanke masa kunci. Ya kai hannun hagu fuska, ya juyo a gigice yana neman wanda zai taimake shi, bindigar na hannunsa na dama, yatsansa na kan kunama, bakinta na bin ƙirjin abokinsa mai riƙe da waya.

Lin na da nisan taku biyar. Barmo na da biyu.

Dattijon ya yi tsalle ya damƙe bakin bindigar, ya danna ta ƙasa da dukkan nauyinsa. Ta tashi. Harsashin ya fita ta cikin tafin hannunsa, ya tafi da yatsu biyu, ya nutse a daɓe.

Duk da haka bai saki ba sai da ya murɗe ta daga hannun Munkaila, ya tura ta kan tebur. Sannan ya durƙusa ya riƙe wuyan hannun Munkaila da hannunsa mai lafiya.

"Kar ka murza! Kar ka taɓa idon! Ka ce la'ilaha illallahu, ina nan."

Jinin mutum biyu ya haɗu a ƙasa, ba a gane na wane ne. Da motar asibiti ta zo, Barmo ne ya yi wa ma'aikatan bayani, hannunsa naɗe da rigarsa, kafin shi ma ya sulale ya faɗi.

Likitoci sun yi ƙoƙari, amma idon hagu bai dawo ba. Hukuma ta yi bincike, bidiyon wayar ya nuna komai. Maganar gasa ta mutu, kuma aka ba Munkaila wa'adin barin ƙasar da zarar ya warke.

Kwana tara yana kwance bai yi wa kowa magana ba. Lauratu na kawo abinci tana mayarwa. A rana ta goma ya ce mata, "Yaya, wane ɗaki Barmo yake?"

Ta kama hannunsa ta kai shi.

Sun tarar da Barmo a bakin famfo, azahar ta yi, yana fama da buta. Hannun dama a naɗe yake har gwiwa, in ya karkata butar da hagu babu hannun da zai tara ruwan.

Munkaila ya tsaya a ƙofa. Duk maganar da ya shirya ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba."

Barmo ya ɗago ya dube shi, ya dubi farin bandejin da ya rufe rabin fuskarsa. Ya ce, "Sannu, Alhaji. Ya jikin?"

Munkaila ya zube a gabansa yana kuka da ido ɗaya. "Na dake ka a gaban mutane. Na raba ka da yatsunka. Da me zan biya ka?"

"Ba abin biya ba ne. Tashi, lokacin salla na wucewa. Riƙe mini butar nan."

Munkaila ya karɓa ya karkata ta. Ruwan ya zuba can gefe a kan tayil, don har yanzu bai saba auna nisa da ido ɗaya ba. Barmo ya matsar da hannunsa ƙarƙashin ruwan, ya yi bisimilla.

Darasi: Wanda ya gaya maka gaskiya a kan abin da zai kare lafiyarka ba raina ka ya yi ba, ko da a gaban mutane ya faɗa. Kunyar minti ɗaya tana wucewa, amma abin da girman kai da saurin hannu suka ɓata wani lokaci ba ya gyaruwa. Kuma duk wasan da ke da haɗari, a fara sayen kayan kariya na gaske kafin na ado. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke bukatar jin wannan yau.