Kaska a Ƙarƙashin Kambun Yarima Nafi'u

A zamanin da aljanu ke kiwon shanu a bayan duwatsun Marmara, Sarki Tukur ya tura ɗansa Yarima Nafi'u ya karɓo takobin kakanninsu daga hannun Darmanu, sarkin aljanu. Bokan fada ya ɗaura masa kambu a damtsen dama, ya rantsar da shi kada ya kwance har ya dawo.

Nafi'u ya keta sahara, ya wuce birnin matsafa mai ƙofofin tagulla, ya ratsa makiyayar aljanu inda ciyawa ke kai wa ƙirji. Nan wata kaska ta shige ƙarƙashin kambun ta kafa kai. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, amma saboda rantsuwa ko leƙawa bai yi ba. Ya isa birnin Gimbiya Hansatu, maƙwabciyar Darmanu, hannun da zai yi yaƙi da shi ba ya ɗaguwa.

Bokayen birnin suka ce sammu ne, suka kawo garwashi za su ƙona wurin.

"Ku ajiye wutar nan," in ji Gimbiya, ranta a ɓace. "Ɗan mutane yana rawar ɗari, a cikinku an rasa mai duba fatarsa?"

"Ranki ya daɗe, na yi rantsuwa," Nafi'u ya ce.

"Kai ka yi, ni ban yi ba. Wanda ya rantsar da kai yana gida da hannunsa lafiya lau."

Ta tsinke kambun. Ga kaska ta ƙoshi da jini. Ta kama ta da hantsaki dab da fata, ta ja a hankali ba murɗawa har kan ya fito, ta wanke wurin da sabulu, sannan ta kira mai magani saboda zazzaɓin.

Da ya warke ya fita fage, Darmanu ya yi dariya. "Ya kai bil'adama, da me za ka tare ni, alhali babu kambu a damtsenka?"

"Ya kai sarkin aljanu, da hannun da ya tsira daga kambun."

Suka gwabza har ƙasa ta girgiza, Nafi'u ya kayar da shi, ya karɓe takobin. Ya auri Hansatu, suka koma gida, aka naɗa shi sarki.

Ranar naɗi bokan fada ya matso da sabon kambu. Hansatu ta ɗaura wa bokan shi a nasa damtsen, ta sa aka raka shi makiyayar aljanu inda kaska take.