Wanda Ya Kwashe Mana Kujeru

Pak Handoko, kai ka kassara ƙafafun Sumirah. Kai mai masana'antar, da manyan da kuke zaune tare a saman bene kuna shan sanyin na'ura. Na faɗa, kuma a kai maka. Ban yi boko ba, amma a gaban keken ɗinki na tsufa a nan garin Ungaran, na san abin da idona ya gani.

Ya 'yan uwa, ku gyara zama, ku da kuke da abin zama.

An yi wani mutum a wannan masana'anta tamu. Ba zan kama sunansa ba, don uwarsa na da rai, kuma mutuniyar kirki ce. A layinmu na masana'anta ta yi ɗinki har idonta ya raunana, da ɗinkin ta kai shi makaranta. Da dakon yadi ya fara. Mu muke ɗebar masa shinkafa da tempe, wainar waken soya, daga kwanukanmu. Yana da hanzari, aka ba shi kula da layi ɗaya, daga nan aka ba shi duka ɗakin. Mun yi murna, wallahi mun yi.

Sai aka tura shi Jakarta koyon shugabanci. Ya dawo da sabon takalmi da sabon baki. Ya daina ce mana "Bu" kamar yadda ake ce wa iyaye, sai ya kira mace da lambar kekenta. Wata safiya muka shigo, babu kujera ko ɗaya. An ƙara wa kekuna tsawo. Wai a tsaye za a riƙa ɗinki, wai mai tsayuwa ta fi sauri.

Warsiti, wadda bakinta ba ya hutu, ta ce masa, "Yaro, kujerun hajji suka tafi ne?"

Ya ce, "Zamani ya canja. Wadda ta gaji, ga ƙofa nan."

Ta ce, "Ai kai ma a kan kujerar nan aka yi renon cikinka, har ka fito da wannan ƙaton kai."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Washegari aka mayar da ita wurin guga, cikin tururi.

Me yake so? Tsofaffi mu gaji mu tafi da kanmu, a kawo yara, shi kuma a ɗaga shi zuwa bene. Pak Handoko ya yaba masa, ya rataya hotonsa a bango, ya ba shi mota.

Sumirah, abokiyar ɗinkinmu, ba ta da inda za ta. Mijinta ya rasu, jikoki na hannunta. Ƙafafunta suka kumbura, jijiyoyi suka fito, gyambo ya buɗe mata a idon sawu. Ta shigo da bokiti ta kife, tana ɗan ɗosana jiki in mutumin nan ba ya kusa. Ya gani, ya sa aka fitar da bokitin. Da azumi ta faɗi a gaban kekenta. Har yau ba ta iya takawa zuwa masallacin unguwa. Wa ya je ya dubo ta? Wa ya tambaya?

Sallah ta zo. Kun san yadda muke yi: uwa ta zauna a kujera, ɗa ya durƙusa, ya kifa goshi a gwiwarta, ya nemi gafara. Mutumin nan ya zo da motarsa da matarsa da 'ya'yansa. Yana durƙusawa, uwar ta miƙe tsaye.

Ya ce, "Bu, ki zauna mana."

Ta ce, "An ce mai tsayuwa ta fi sauri. Yi sauri ka faɗi abin da ya kawo ka."

Ya rasa inda zai sa goshinsa. Dangi sun cika ɗaki, kajin Sallah na hucewa a tukunya, amma tsohuwa ta ƙi zama har ya tashi ya fita. Shi ke nan fa sai ya tuba? Ina! Cewa ya yi tsufa ne ya taɓa ta.

Labarin ya zaga gari. Bayan hutu aka yi taron yafe wa juna a masana'anta, aka gayyato baƙin da ke sayen rigunanmu daga ƙasar waje. Ranar aka yi hayar kujeru, har da riguna farare aka sa musu. Muka shigo, ba wadda ta zauna. Liman ya yi addu'a, muna tsaye. Mutumin nan yana ta yi mana alama da hannu, gumi na zuba.

Wata baƙuwa ta sa tafinta ya tambaya ko lafiya. Warsiti ta ce, "Ku yi haƙuri, mun manta yadda ake yi." Ta ɗage siket zuwa gwiwa. Duk muka ɗage. Baƙin suka ga ƙafafunmu.

Nan take Pak Handoko ya rantse bai san komai ba. Aka sauke hoton, aka karɓe motar, aka kori mutumin. Babu masana'antar da ta ƙara ɗaukarsa. Matarsa ta koma gidansu. Yau yana bakin kasuwa yana jera wa mutane babura, a tsaye daga safe har magariba. Na wuce shi yana ɗage ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ban ji daɗi ba. Yaronmu ne.

Ya 'yan uwa, shugabanci amana ce. Wanda ya taka na ƙasa don ya hau, na sama zai taka shi ranar da aka zo tambaya. Wanda uwarsa ta ƙi zama ta yafe masa, wace kujerar ofis ce za ta riƙe shi? Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga girman da ke cinye tausayi.

Amma ban gama ba. Layin gaba kawai aka mayar wa kujeru, inda baƙi ke leƙawa. Mu na baya har yau a tsaye muke. Yaron ya ɗanɗana nasa. Wanda ya rataya hoton fa? Pak Handoko, ka sauko daga benen nan. Ka maido kujerunmu, ka je gidan Sumirah ka dubi ƙafar nan da idonka, ka amsa mata laifinka. Kuma kada wanda ya ba ka wurin zama.