Kuregen da Ya Mutu Don a Karanta Littafinsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne.

An yi wani Kurege da ba shi da buri a duniya sai a kira shi marubuci. Damina guda bai taɓa fartanya ba, yana cikin rami yana ta rubutu, matarsa ta yi mita har ta gaji. Ya haɗa littafi sukutum a kan gyaɗa, don ita kaɗai ya sani.

A garin kuwa ba a karanta littafi sai dattawa uku sun sa masa albarka, wato Kunkuru da Mujiya da Hankaka.

Ya kai wa Kunkuru. Kunkuru ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Mai littafin ya rasu?"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ne."

"Da ranka? Yaro, mu littattafan magabata muke karantawa. Jeka."

Ya kai wa Mujiya. Ta ce, "Mai littafin ya rasu?"

"Iya, ga ni a gabanki."

"Jeka."

Hankaka shi shinshinawa ma ya yi, ya ce, "Ko warin tsufa babu, gara ba ta ci ko shafi ɗaya ba. Mai shi ya rasu?" Kurege ya karɓe littafinsa ya juya.

Ya koma gida ransa a ɓace, ya ce wa matarsa, "In dai mutuwa suke so, mai sauƙi ce." Ya ajiye hularsa da takalmansa a bakin kogi, ya sa ta kurma ihu wai kada ne ya cinye mijinta. Shi kuwa ya shige rumbu ya lafe.

Aka zauna makoki a gindin rumbun. Sai ga Kunkuru rungume da littafin yana sharar hawaye, yana cewa, "Ni na koya masa riƙe alƙalami."

Mujiya ta ce, "Ni na fara hango basirarsa."

Hankaka ya ce, "Ku ba ku gane ba. Gyaɗar da marigayi yake faɗa ba gyaɗa ba ce, duniya yake nufi."

Kurege a rumbu ya riƙe baki, mamaki kamar ya kashe shi da gaske. Duniya kuma? Yana leƙe ta tsaga, masu gaisuwa na ta jibge wa matarsa buhunan gyaɗa, yara na haddace littafin, ana ta sa wa marigayi albarka. Daɗi ya cika shi, ya kasa daurewa. Ya yi tsalle ya dire tsakiyar taro, ya ce, "Ga ni! Ban mutu ba!"

Jama'a suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kunkuru da ba ya iya gudu ya shige ƙoƙon bayansa, can ya leƙo ya ce, "Kai wane ne?"

"Ni ne marigayin!"

"Marigayi dogo ne mai kwarjini. In kai ne, mece ce gyaɗa a littafin nan?"

"Gyaɗa mana! Wadda ake soyawa!"

Waɗanda suka dawo suka ɗauki salati. Hankaka ya ce, "Jahili! Ya zagi marigayi!"

Kurege ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce a kira matarsa ta shaida. Ta zo, ta dube shi, ta dubi buhunan gyaɗa, ta sake dubansa, ta ce, "Kama dai suka yi. Ni mijina kada ya cinye shi."

Wayyo! Aka bi Kurege da jifa har bayan gari. Littafinsa na nan ana karantawa, shi ko kusa da ƙofar gari ba ya zuwa. Shi ya sa har gobe za ku gan shi a gefen hanya tsaye da ƙafa biyu yana waige-waige, ko Allah zai kawo wanda zai gane shi.

To yara, wanda ya sayar da ransa don suna, sunan zai zauna a gari, shi ya kwana a daji.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, kowa ya naɗe tabarmarsa.