Mutanen Zangon Marke Masu Jiran Sarki

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai yawan dukiya da taushin zuciya, wanda ba ya iya ganin talaka da kaya a ka sai ya ce a sauke masa. Wata rana ya tara fadawansa ya ce, "Na ga mutanena suna wahala wajen karantar da 'ya'yansu, da jinyar marasa lafiyarsu, da gyaran rijiyoyinsu. Daga yau na ɗauke musu. Ni ne uban kowa."

Da a nan ya tsaya, da ba mu da labarin bayarwa. Amma sai ya ƙara da cewa kada wani ya sake koya wa yaro ko harafi ɗaya, ko ya ɗora karaya, ko ya jiƙa saiwa, ko ya zura wa rijiya wata igiya in ba ta guga ba, sai ma'aikatan fada. Wanda ya saɓa kuwa, bulala ce rabonsa. Fadawa suka ce ba a taɓa jin rahama irin wannan ba. Su dama haka suke cewa ko atishawa sarki ya yi.

Shekaru suka shuɗe. Ran nan sarki ya tambayi wazirinsa, "Wane gari ne ya fi jin daɗin mulkina?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zangon Marke ne, can bakin iyaka. Sauran garuruwa ba sa rabo da ƙorafi, yau malami bai zo ba, gobe magani ya ƙare. Su kuwa rabon da a ji bakinsu har an manta."

Sarki ya ji daɗi ƙwarai, ya so ya gani da idonsa. Ya yi tafiya har kusa da garin, ya bar jama'arsa a wani ƙauye, ya sa kayan fatake, ya shiga shi kaɗai da rana tsaka.

Abin da ya fara tarar da shi shiru ne. Ba ƙarar guga, ba karatun yara, ba ko faɗan maƙwabta. Mutane na zaune a ƙofar gidajensu, maza da mata, kowa ya ɗora hannuwa bisa gwiwa, kuma duk fuskokinsu na duban hanya ɗaya, hanyar da ta fito daga birni. Ya yi sallama, suka amsa a hankali, ba wanda ya juyo.

Ya wuce gidan maganin da ya sa aka gina. Ginin na nan da kyansa, ƙofar a garƙame. A gabanta mutane na kwance bisa tabarmi a jere, wasu na numfashi, wasu kuwa ƙasa ta taru a naɗin mayafinsu. Ya leƙa makarantar fada. Ɗalibai na zaune sahu-sahu gaban wani buzu da ba kowa a kansa, kowa riƙe da allon da ba rubutu. Da ya duba da kyau sai ya ga na sahun gaba duk sun yi gemu. Tsoro ya kama shi, ya ja da baya.

A gindin wani marke ya sami tsoho guda, shi kaɗai ne a garin ya ba hanyar birni baya. Sunansa Malam Jatau, shi ne malamin garin kafin doka ta rufe masa baki.

Sarki ya ce, "Baba, ina mutanen garin nan?"

Tsoho ya ce, "Ga su nan ka gani, amma ba sa nan."

"Me suke jira?"

"Hannuwansu suke jira. An kai su birni ajiya, an ce za a riƙa aiko musu da su in bukata ta taso."

"In suna cikin wahala, me ya hana su kai kuka?"

"Sun kai, ɗana, har suka gaji. Mai kai kuka yana da sauran tsammanin kansa. Waɗannan sukan noma abin da zai riƙe rai, su sha ruwan kududdufi, su dawo su zauna."

Sarki ya ce, "Ruwan kududdufi, alhali sarki ya ɗauki nauyin rijiya?"

"Ga ta can bayan masallaci. Je ka gani, amma kada ka matsa kusa."

Sarki bai saba a ce masa kada ba. Ya je ya tsaya daidai bakin rijiyar yana leƙe. Itatuwan bakin kuwa gara ta gama da su tuntuni, sai suka burme da shi. Ya faɗa ciki, ƙafarsa ta hagu ta karye, ya nutse cikin laka har ƙugu. Ba ruwa a rijiyar, sai baƙin taɓo mai sanyi da ke jan sa ƙasa a hankali. Ya yi ta laluben wurin takawa da ƙafarsa mai lafiya, har ya dace da wani abu mai tauri, ya tsaya a kai. Duk da haka lakar ba ta daina hawa ba.

Ya ɗaga kai, sai ya ga fuskoki sun kewaye bakin rijiyar. Mutanen garin ne suka taso, suna kallonsa da tausayi, ba mai motsi.

Ya ce, "Jama'a, ku zuro mini igiya!"

Wani dattijo ya ce, "Sannu, bawan Allah. Wannan aikin ma'aikatan fada ne. Ka yi haƙuri, sarki zai aiko."

"Ni ne sarkin! Na ba ku izini!"

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Zafin ciwo ne ke sa shi sambatu. Ai sarki ba ya zuwa, aikowa yake yi."

Sai wata tsohuwa mai suna Delu ta durƙusa a bakin ramin ta ce, "Kada ka ji kaɗaici, ɗan nan. Maigidana Mantau yana nan ƙasa tare da kai. Ya shiga yashe rijiyar a ɓoye, shekarar da ruwan kududdufi ke kashe yara, gefe ya rufto masa. Waɗanda suka kawo igiya dogarai suka zane su, suka ce masu haƙa na tafe. Bai yi ta ihu kamar kai ba. Ya jira."

Nan sarki ya gane a kan me yake tsaye. Laka kuwa ta kai masa ƙirji.

Malam Jatau ya iso yana dogara sanda, ya leƙo ya ce, "Ya sarki, ni na gane ka tun daga tafiyarka. Falke ba ya tafiya kamar ƙasa tasa ce."

"To ka gaya musu! Ka umarce su!"

"Ya sarki, umarni ne ya zaunar da su, wani umarnin ba zai tashe su ba. Amma a da, in mutum zai kira gayya a garin nan, ba shela yake yi ba. Gida-gida yake bi, ya kira kowa da sunansa, ya roƙe shi. Wanda aka kira da suna ba ya iya zama. Kai da ka ce kai ne uban kowa, kira 'ya'yanka."

Sarki ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk cikinsu ba wanda ya san sunansa. Kunya ta kama shi fiye da tsoro, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Malam, ban san su ba. Don Allah ka koya mini."

Tsoho ya ce, "Ka san koyarwa laifin bulala ne?"

"Na ɗauke ta a bayana."

Sai Malam Jatau ya fara nunawa da sandarsa yana faɗa, sarki yana maimaitawa daga cikin laka. "Baba Cindo, don Allah ka taimake ni. Barmo, ɗan'uwana, ka taimake ni. Inna Delu, ki yafe mini, ki taimake ni." Duk wanda aka ambata sai ya zabura kamar an tashe shi daga barci, ya dubi tafin hannunsa. Aka nemi igiya, duk wadda aka ɗauko sai ta ruɓe a hannu. Maza suka warware rawunansu, mata suka ba da gyautonsu, aka ƙulla aka zura. Lakar ta kai wa sarki haɓa sa'ad da suka fara ja. Da ƙyar suka fito da shi, don hannun da ya daɗe bai yi aiki ba ba ya da ƙarfi.

Aka kwantar da shi a inuwa, ƙafar ta kumbura ta juya. Ya ce, "Ku kira mini maɗorin garinku. Na janye doka, ya zo ya yi aikinsa ba tsoro."

Can sai Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, maɗori ɗaya garin nan ya taɓa yi, ba kuwa kamarsa a duk ƙasarka. Ka hana shi ɗori, ka hana shi koya wa wani. Shi ne Mantau. Abin da zai iya yi maka ya riga ya yi, ya riƙe ka a kafaɗarsa har aka zuro igiya."

Sarki ya rufe fuskarsa da hannu. Bai yarda a ɗauke shi daga wurin ba sai da aka tono Mantau aka yi masa sutura. Inna Delu ta ɗaure masa ƙafar da kara yadda ta tuna mijinta na yi, amma tunawa ba iyawa ba ce, ƙashin ya haɗe a karkace.

Ya koma birni ya soke dokar. Ya ci gaba da gina makarantu da gidajen magani, amma bai ƙara hana mai iyawa ya yi ba. Da ɗingishi ya ƙare mulkinsa, kuma duk sa'ad da wani bafade ya ce a ɗauke wa talakawa wani abu gaba ɗaya don a hutar da su, sai ya miƙe, ya taka a gabansu har ƙarshen zaure ya dawo, sannan ya ce, "Adalci shi ne sarki ya ƙara hannunsa a kan na mutane. Ranar da ya maye gurbin hannuwansu da nasa, zalunci ya yi, ko da alheri ya nufa."