Kifayen Mista Harlan

Wendell Haskins mutum ne mai fara'a, ba ya makara wurin aiki, ba ya taɓa kayan kowa. Aibinsa guda ne: bakinsa bai iya cewa bai san abu ba. Mun daɗe muna aiki tare a wani katafaren kanti da ke bayan garinmu a Ohio, ni a sashen furanni, shi a sashen fenti. Da mai kula da kifayen ado ta gaji ta ajiye aiki, manaja ya miƙa wa Wendell ƴar ragar tsamo kifi, ya ce, "Daga yau sashen naka ne." Iyakar horon da aka ba shi ke nan.

Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa nakan gan shi yana tsamo matattun kifaye yana zubawa a leda.

"Wendell, wai me ke kashe su haka?" na tambaye shi wata rana.

"Gajiyar hanya ce, Bernice. Ke ma in aka kwaso ki a babbar mota daga Florida ai sai kin kwanta."

"To ka tambayi wanda ya san kifi mana."

"Ga ni tsaye a gabanki, wa kuma za a tambaya?"

Na ƙyale shi. Ƙafafuna na ciwo, kuma ni ma ban san komai a kan kifi ba.

Mahaifinsa, Mista Harlan, yana gidan kula da tsofaffi tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Magana ta yi masa wuya ƙwarai. A falon gidan akwai babban tankin gilashi, a gabansa tsohon yake wuni cikin kekensa. Kowane kifi ya raɗa masa suna, kuma sunayen nan su ne kusan kalmomin da suka rage masa a baki.

Wata ma'aikaciyar gidan mai suna Marisol ta zo kantinmu tana son ƙaro kifaye don ta faranta wa tsofaffin rai. Kai tsaye ta nufi Wendell, tun da ɗan Mista Harlan ne. Ta leƙa tankin kifayen kantin, ta ɗan ja baya.

"Mista Haskins, wannan farin ɗigo-ɗigon da ke jikinsu fa? Kamar an barbaɗa musu gishiri."

Na ga ya dubi kifayen, na ga bai sani ba. Amma ya yi murmushi.

"Adonsu ne, ƴar'uwa. Haka irinsu yake. Kina zuwa ki juye su cikin sauran."

Ba a yi mako ba ta dawo idonta ya faɗa. Ɗigon ya kama tsofaffin kifayen, sun daina cin abinci, suna ta goga jiki da duwatsu. Ta ce Mista Harlan sai ƙwanƙwasa gilashi yake yi yana kiransu.

Nan ma da Wendell ya sauke kai, da wataƙila an ceci wasu. Sai ya ƙara ɗaga murya.

"Datti ne kawai. Ki zubar da ruwan duka, ki wanke tankin tas da sabulu, ki cika shi da ruwan famfo, ki mayar da su. Gobe za ki gan su suna tsalle."

Ta yi yadda ya ce. Washegari babu ko ɗaya da ya rage da rai.

Ranar Lahadi Wendell ya je duba mahaifinsa, ya riƙe masa kek ɗin tuffa. Shi da kansa ya ba ni labarin daga baya, muna zaune a ɗakin hutun ma'aikata, kofinsa ya huce bai sha ba. Ya tarar da tsohon a inda ya saba zama, yana fuskantar busasshen gilashi.

"Baba, ga ni. Zan kawo maka wasu, waɗanda suka fi su kyau ma."

Tsohon bai waiwayo ba.

Marisol ta ja Wendell gefe. Ba ta yi faɗa ba.

"Likitan dabbobi ya ce ɗigon nan cuta ce, kuma tana da magani. Ya ce sabulun da ruwan famfon ne suka ƙarasa su. Da hannuna na yi, don na yarda da kai. Da ka ce mini ba ka sani ba, ai da na tambayi wani."

An sake cika tankin da sababbin kifaye, amma Mista Harlan bai raɗa wa ko ɗaya suna ba. Ya daina yarda a turo shi falo. Ya rasu cikin hunturun nan ba tare da ya sake ce wa ɗansa uffan ba. Likitoci sun ce tsufa ne da ciwo, kuma na yarda da su. Wendell ne bai yarda ba. Ya ajiye aiki, ya bar garin. Manaja ya ɗauki ragar ya miƙa wa wata daga sashen takalma.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rashin sani ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke jawo ɓarna. Wanda ya tambaye ka ya ɗora maka amana, kuma zai tafi ya aikata abin da ka faɗa da hannunsa. In ba ka sani ba, ka faɗa, ka bar shi ya nemi wanda ya sani. Kunyar da za ka ji ta ɗan lokaci ce, amma abin da amsar ƙarya ta kashe ba ya dawowa.