Keken Ɗinkin Matar Malam Barau

Ku matso ku ji, yau ku ne alƙalai.

A bakin tashar Gumel akwai gidan abincin Inna Kulu, mai ma'aikata uku. Da matar Malam Barau tela ta rasu, can ya koma cin abinci. Sai dai ya biya, ya zauna yana kallon tuwon har ya huce, ya tashi. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san wannan hali. Ni ma na sani. Inna Kulu tana gani yana ramewa, ta rasa dabara.

Tabawa mai girki ta je ta tambayi maƙwabtansa abin da marigayiya ke dafa masa. Aka ce tuwon dawa da miyar kalkashi. Ta yi masa a tukunya daban. Ya ɗanɗana, ya yi hawaye, ya ture kwanon.

Kande mai kai abinci, wadda kullum ake kawo ƙararta saboda bakinta, ta mayar masa da kwanon gabansa.

Ya ce, "Ke, haka kuke yi wa mai saye? Kira mini uwar ɗakinki!"

Ta ce, "Kira ta da kanka, Baba. Ba na ɗauke kwano da tuwo a ciki."

Don haushi ya cinye tas. Kullum sai sun yi faɗa, kullum sai ya cinye.

Dije mai wanke-wanke ba ta taɓa yi masa magana ba. Wata rana ba ta ga kwanonsa cikin wanki ba, sai ta bar aiki ta nufi gidansa. Ta tarar zazzaɓi ya kayar da shi a zaure, ta tara mutane aka kai shi asibiti.

Da ya warke, ya yi ƙiba, ya zo da keken ɗinkin matarsa a amalanke.

Ya ce, "Inna, ga tukuici. Ki ba wadda ta fi kula da ni."

Dokar gidan kuwa, duk abin da mai saye ya bayar a asusu ake zubawa, a raba daidai. Keke ba ya shiga asusu. Ya kuma roƙi kada a sayar.

Inna Kulu ta dubi ukun, kowace ta kafa wa keken ido.

To, jama'a, Tabawa, Kande ko Dije, wa za ta ba?